Yadda Ake Riƙe Ɗakin Saba a Zariya

Duk lokacin da zangon SIWES na koyon aiki ya kama, akan turo mana ɗalibai daga ABU da Nuhu Bamalli su yi 'yan watanni a ofishinmu. Kafin mako ya fita sai wani ya tare ni a baranda: "Injiniya, wace takardar shaida zan fara nema, ta Cisco ko ta Amazon?" Nakan ce masa ya biyo ni mu leƙa ɗakin batir tukuna. Da gaske nake yi. A garin nan wanda bai fahimci wuta ba, ba zai iya riƙe saba ba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suka dogara da ita, ko da takardun shaida sun cika masa jaka.

Mutane da yawa suna haɗa mu da masu gyaran kwamfuta na Sabon Gari, ko da masu rubuta manhaja. Mai gyara yana zaune ne a kawo masa abin da ya lalace. Mai rubuta manhaja ya gina abinsa ya miƙa. Injiniyan tsarin kwamfuta kuwa, shi aka ɗora wa alhakin duk abin da ma'aikata ta dogara da shi ya ci gaba da tafiya tare: sabar da ke riƙe da bayanai, netwok ɗin da ya haɗa ofisoshi, wutar da ke ciyar da su, asusun kowane ma'aikaci, da kwafin ajiya don ranar da abu zai ɓaci. A Zariya za ka tarar da wannan aiki a asibitoci da makarantu, a ƙananan bankuna, da cibiyoyin jarrabawar JAMB tun da hukumar ta koma yin jarrabawa da kwamfuta zalla a 2015. Yawancin wuraren nan mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da komai, don haka babu damar ka ce wannan ba fanninka ba ne.

Ranar da aka damƙa maka makullin ɗakin saba, kada ka fara da zama gaban allo. Ɗauki takarda da biro ka bi wayar wuta da ƙafarka: daga mita zuwa makunnin da ke sauya wutar NEPA da ta janareta, daga nan zuwa inbata, zuwa UPS, har soket ɗin da sabar take ciki. Zana shi. Sau da yawa za ka gano wani ya jona babbar firinta, ko ma butar dafa shayi, a layin da ya kamata a bar wa saba ita kaɗai. Sannan ka nemi mitar gwajin wuta ta hannu ka riƙa aunawa. A ƙa'ida wutarmu bolt 230 ce, amma ka auna da magariba, lokacin da unguwa ta kunna komai, ka ga abin da ke isowa. Wuta mara ƙarfi, da wadda ta dawo da ƙarfi farat ɗaya bayan an ɗauke, sun fi ɗaukewar kanta ɓarna.

UPS ba don ta riƙe ka awanni aka yi ta ba. Aikinta ta tsare 'yan mintocin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, idan kuma janaretan ya ƙi tashi, ta ba sabar damar kashe kanta cikin tsari. Wannan na biyun ne ake mantawa. Akwai kebul na USB da ke zuwa cikin kwalin UPS, wanda galibi ake jefawa a loko. Jona shi da sabar, ka sa ƙaramar manhaja irin NUT, ka saita cewa idan batir ya yi ƙasa sabar ta rufe ma'ajiyar bayanai ta kwanta da kanta. Sabar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu a faifai tana iya tashi da fayil a lalace, kuma ba lallai ka gane ba sai bayan makonni.

Lissafin batir ka koye shi da kanka, kada ka bar wa mai sayarwa. A ce saba da suwic da rauta, na'urorin da ke haɗa netwok, gaba ɗaya suna jan wat 600, kana da batir biyu masu bolt 12, kowanne 200Ah. Bolt ɗinsu a haɗe 24 ne, ninka shi da 200, ka samu 4,800. Batirin ruwa ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi idan ana so ya yi ƙarko, saura 2,400 ke nan. Inbata ma tana cin nata, ka bar kusan 2,000. Raba da 600: awa uku da 'yan mintoci, ba "har gari ya waye" da aka faɗa maka a shago ba. Batirin litiyam ya fi tsada a farko, amma ana iya zuƙar mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Idan na ruwa ne gare ka, duba ruwansa duk wata, ka ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ban da fiya wata, ban da ruwan rijiya. Kada kuma ka kulle shi ɗaki ɗaya da saba, domin yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, tururinsa kuma yana cin ƙarfe.

Bayan wuta sai zafi. A kan digiri 25 ake auna ƙarkon batirin ruwa, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba shekarunsa biyu. To ka tuna yadda garin nan yake a watan Maris da Afrilu, ga rufin kwano, ga taga a rufe. Ɗakin saba ana so ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Ka yi tanadin abin da zai fitar da zafi idan esi ya mutu tare da NEPA, ko da fankar jan iska ce a kan inbata, in ba haka ba sabar za ta ci gaba da aiki a kan batir tana dafa kanta.

Idan hunturu ya shigo kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ba ta neman izinin kowa. Buɗe akwatin na'ura a watan Janairu ka haska da tocila: za ka ga ta yi kauri a fikafikan fanka, ta toshe tsakanin siraran ƙarafan da ke sanyaya furosesa, fankar tana ta kuka amma iska ba ta wucewa. Kashe na'urar, zare wayarta, fitar da ita waje ka busa da bulowa. Danne fankar da yatsa lokacin da kake busawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kafin ka sa hannu a ciki, taɓa jikin ƙarfen akwatin, saboda a busasshiyar iskar nan jikinka na tara wutar da ke ɗan fisgarka idan ka kama ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe RAM. Toshe ƙasan ƙofa, kada ka yarda a shimfiɗa kafet a ɗakin.

Damina tata matsalar tsawa ce. Kada ka taɓa jan kebul na jan ƙarfe ta sama daga gini zuwa gini. Ba sai tsawa ta faɗa kansa ba. Ta sauka kusa kawai, sai ka wayi gari suwic biyu sun ƙone, ɗaya a kowane gefe. Tsakanin gine-gine a ja fayiba, domin zaren gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta. Ko a cikin gini ɗaya, kebul na Cat6 iyakarsa mita 100. Ka kuma sa mai wayarin ya nuna maka sandar atin ta ginin, wadda ke kai wuta ƙasa, ya auna ta a gabanka. Gani ya kori ji.

Yanzu mu zo kan allo. Tsohuwar laftof mai RAM giga 8 ta isa ka fara. Sa mata VirtualBox, kyauta ne, ka ƙirƙiri kwamfutoci biyu ko uku a cikinta. A ɗaya ka sa Ubuntu Server, ka zaɓi nau'in LTS, wanda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ake kuma kula da shi shekara biyar. Babu maus babu hoto, baƙin allo ne kawai da umarni, kuma a nan ya kamata hannunka ya faɗa, domin Linux ɗin nan da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki shi ke ɗauke da mafi yawan sabobin intanet. Ƙirƙiri asusu, ba wannan izini ka hana wancan, shiga daga ɗaya kwamfutar ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, da makulli maimakon kalmar sirri, ɗora manhajar Nginx ka ga shafin intanet ya buɗe, sa cron ya yi maka aiki ƙarfe biyun dare. Sannan ka ɓata shi da gangan. Cika faifan har ya toshe, canja izinin fayil, kashe DNS mai fassara sunan shafi zuwa lamba, ka zauna ka karanta log, wato rubutun da na'ura ke ajiyewa na duk abin da ya same ta, har ka gano musabbabin. A kwamfuta ta biyun ka sa Windows Server, Microsoft na ba da na gwaji kyauta na kwana 180, ka koyi Active Directory mai kula da asusun ma'aikata, saboda yawancin ofisoshinmu a kan Windows suke tafiya. Manyan fayilolin nan ka sauke su da datar dare.

Sai hannunka ya faɗa sannan ka yi maganar jarrabawa. Da dala ake biya, don haka zaɓi ɗaya: CCNA idan netwok ya fi jan ka, RHCSA idan Linux ne. Ta biyun tana burge ni saboda ba zaɓi-ka-cika ba ce, na'ura ake ba ka a ce ka yi aikin. Wurin samun gogewa kuma bai yi nisa ba: cibiyoyin jarrabawa suna neman hannu duk lokacin JAMB, makarantar unguwarku ma tana da ɗakin kwamfuta da ba mai kula da shi. Ke ma ƙanwata, kada wani ya ce miki wannan aikin maza ne. Natsuwa yake buƙata da bin diddigi.

A netwok, koyi bin matsala daga ƙasa zuwa sama, ban da tsalle. Ga irin abin da za ka gamu da shi. Da safe Hajiya ta ofishin kuɗi ta leƙo: "Injiniya, babu netwok fa, ga albashi ban tura ba." Ka gaishe ta, ka ce, "Hajiya, mu je in gani." Duba bayan kwamfutar: ƙaramar fitilar bakin kebul tana ƙiftawa? Tana yi. Buɗe baƙin allo ka rubuta ipconfig. Lambobin ofishinku da 10.0.0 suke farawa, amma kwamfutarta ta karɓi mai farawa da 192.168.0. Ashe ba intanet ne ya ɗauke ba, akwai wata na'ura a ginin da ke raba lambobin da ba naka ba. Zagaya ofisoshi, za ka tarar wani ya kawo ƙaramar rautarsa daga gida ya soka a bango don wayarsa ta samu Wi-Fi, ita ce ke riga sabarka amsa wa kwamfutoci. Zare ta, ka sabunta lambar Hajiya, albashi ya tafi. Da lambar ta fara da 169.254, ma'ana ba wanda ya amsa mata sam. Da lambar daidai take, sai ka yi ping, wato ka aika saƙon gwaji ka ga ko za a amsa, ga rauta, sannan 8.8.8.8 na Google, sannan sunan wani shafi. Inda ya tsaya nan ciwon yake, idan kuma lamba ta tafi suna ya ƙi, DNS ne. Mai rautar nan kada ka yi masa faɗa gaban mutane. Same shi shi kaɗai ka yi masa bayani, ka samar masa Wi-Fi ta hanyar da ta dace, sannan ka saita suwic ɗinka ya daina karɓar irin wannan.

Abin da ya fi hana ni barci a aikin nan shi ne kwafin ajiya. Duk abin da ke ɗakin saba ana iya saye da kuɗi, ban da bayanai. Sakamakon ɗalibai na shekaru, fayil ɗin majinyata, lissafin wanda ake bi da wanda ke bi: idan suka tafi, babu kasuwar da ake sayar da su. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin, kamar yadda manomi ba ya zuba hatsin shekara duka a rumbu ɗaya saboda gobara da gara. Za ka ji wani ya ce, "Ai sabarmu tana da RAID." RAID, wato haɗa faifai biyu ko fiye su riƙe bayanai tare, yana kare ka ne idan faifai ɗaya ya mutu. Idan wani ya goge fayil bisa kuskure, ko bairos mai kulle bayanai a nemi kuɗin fansa ya shigo, faifan biyu lokaci guda abin zai same su. Haka ma faifan waje da ka bari a jone dare da rana. Ka samu biyu kana musanyawa, ɗaya a jone, ɗaya a kulle a wani gini, kuma ka sa musu makullin sirri domin ko an sace kada a iya karantawa. Ma'ajiyar bayanai galibi ba ta da nauyi idan aka matse ta, don haka ka sa ta riƙa hawa sabar haya a intanet cikin dare.

Duk wannan ba ya da amfani idan ba ka taɓa gwada maido da kwafin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata ka ware rana, ɗauko kwafin jiya, ka tashe shi a kan wata na'ura daban, sannan ka kira mai aiki da shi: "Malam, zo ka duba min, wannan ne lissafinka na jiya?" Sai ya ce e, sannan kana da kwafi. Duba agogo kuma ka rubuta tsawon lokacin da maidowar ta ci. Da wannan za ka je wa shugaba da tambaya biyu: aikin awa nawa za mu iya jure asararsa, kuma awa nawa za mu iya zama a tsaye? Amsarsa ce za ta gaya maka ko kwafin dare ɗaya ya isa, ko sai duk awa, ko ma sai an sayi saba ta biyu.

Sabunta manhaja yana da fuska biyu. A watan Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun Maris. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuwa, sabuntawar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ce da kanta ta durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya. Saboda haka ka sabunta, amma ka fara gwadawa a na'ura ɗaya, kuma ban da yammacin Juma'a ko jajibirin jarrabawa. Windows 10 ta fita daga kulawar Microsoft ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, ka ƙirga nawa suka rage maka. Manhajar sata da ake yawo da ita a filashi kada ta kusanci saba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Intanet ma kada ka dogara da layi ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka ji a jikinsu. Wanda ya fi yawan faruwa ma shi ne masu aikin hanya su tsinke fayiba. Ka riƙe layi biyu daga kamfanoni daban. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya tun Janairu 2023, ya zama zaɓi ga mai hali. Abin da dole ya yi aiki ko babu intanet, irin rajistar majinyata, ka bar shi a sabar cikin gida.

Akwai kuma amana. Kai kana iya ganin komai: albashin kowa, wasiƙun kowa, sakamakon gwajin jinin maƙwabcinka. Wata rana ɗan uwa zai zo, ko abokin karatu, ko wani babba, ya ce ka leƙa masa abu kaɗan, ko ka gyara wata lamba. Ka ce a'a cikin ladabi, ka tsaya a kai. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare bayanan mutane, amma tun kafin doka akwai tsoron Allah. Tsarinka ma ya taimake ka: kowa da asusunsa, ban da kalmar sirri ɗaya da duk ofis ya haddace, kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki ranar za a rufe asusunsa. Kai kanka ka raba asusun da kake karanta wasiƙa da wanda kake taɓa saba.

Idan za ka nemi kuɗin kaya, bar maganar bolt da giga a ɗakinka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, faifan da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ya fara nuna alamar mutuwa. Idan ya tsaya a makon jarrabawa, za mu yi kwana guda ba aiki." Ka kai shi a rubuce, da farashi daga wuri biyu ko uku, ka ajiye kwafinka.

Rubutu dai shi ne abin da samari suka fi ƙi. Manna wa kowane kebul suna a bakinsa biyu. Buɗe littafi, na takarda ko a kwamfuta, ka rubuta lambar kowace na'ura, wace saba ake fara kunnawa bayan an dawo da wuta, da duk canjin da ka yi, da kwanan wata da dalili. Sa Zabbix ko Uptime Kuma su riƙa turo maka saƙo a waya idan abu ya faɗi, domin ka riga Hajiya sani. Wasu abokan aikinmu suna ɓoye ilimin ɗakin a kansu don kada a iya rabuwa da su. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, cin amanar ma'aikata ne, kuma shi ke sa mutum ba ya iya zuwa ɗaurin aure a Giwa ko Soba ba tare da waya ta dawo da shi daga hanya ba. Gwada littafinka haka: ba mataimakinka shi, ka koma gefe ka yi shiru, ya kashe komai ya sake tashe shi da abin da ka rubuta kawai. Duk inda ya tsaya ya waigo ka, nan ne rubutunka yake da giɓi, sai ka cike. Manyan kalmomin sirri kuma ba a littafin za su zauna ba. Rubuta su a takarda ka sa a ambulan, ka liƙe, ka sa hannu a bakin, shugaban ma'aikata ya ajiye a sef. Duk lokacin da ka canja ɗaya, ka karɓo tsohon ambulan ka ƙona, ka kai sabo da kwanan wata a bayansa.